GANUWAR GANGARE

Shafi na 14

Assalamu alaikum masu bibiya. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara kwana biyu ban saki shafi ba, za ta zo ta zauna mini a ƙofar ɗaki. Bismillah, ki zo, akwai wanke-wanke. Masu cewa Hansai ta cika taurin kai kuma, ku riƙe hukuncinku sai kun kai ƙasan shafin nan.

Ga wanda yau ya shigo: muna Birnin Marke, wani gari mai ganuwa a yammacin ƙasar Katsina, tsakanin Batsari da Safana, a zamanin da mahara ke saukowa daga arewa su kwashe duk wanda suka samu a bayan gari. A al'adar garin kowace unguwa da nata ɓangaren ganuwa da take gyarawa da rani. Na Unguwar Gangare ya zube shekara uku a jere. Mai gari Yero ya yanke hukunci: in ruwan fari ya sauka ba su tayar da shi ba, za a ja sabuwar ganuwa ta ciki, a bar Gangare a waje. Jiya kuma Hansai mai daddawa, 'yar tsohon Sarkin Magina Jinjiri, ta gutsuri tubalin da ya zube ta sa a baki.

Mu je.

*

Tun da hantsi rana ta fara cin ƙeya, irin zafin bazarar nan da ko kaji sai sun buɗe baki. Can gabas wani ɗan baƙi-baƙi ya kwanta a gindin sama. Kowa ya gan shi, ba wanda ya yi maganarsa.

Salmanu, Sarkin Magina na yanzu, bai ma jira wa'adi ya cika ba. Ya fito da igiyarsa da turakunsa, ya ja ta tun daga bayan masallaci har gindin tsamiyar kasuwa. Abin da ke hagu da igiyar na gari ne. Abin da ke dama kuwa, gida talatin da bakwai da rijiya ɗaya da ramukan majema, ya zama rabon daji.

Hansai ta fito daga lungu, kujerarta 'yar tsugunno a hannu ɗaya, ƙwarya rufe da faifai a ɗayan. Ta zo daidai tsakiyar igiyar, ta dasa kujerar a kai, ta zauna abinta.

Igiya ta suɓuce daga turke.

Salmanu ya ɗago.

"Hansai."

"Sarkin Magina, an tashi lahiya?"

"Kin zauna mini bisa igiya."

"Af, taka ce? Na zaci ta shanya ce anka kawo muna."

"Tashi."

"Gwiwata ta riƙe."

Mutanen da ke tsaitsaye suka fara sunkuyar da kai, masu dariya na tura ta ciki. Salmanu ya gyara babbar rigarsa. Mutumin nan fa rabon hannunsa da kwaɓi ya kai shekara goma, amma in kun ji shi yana maganar gini sai ku rantse shi ya haƙa harsashin garin. A gidan su Hansai ya koyi sana'ar, a hannun mahaifinta, a akushinsu ya ci tuwo shekara bakwai. Shi ya sa duk garin ita kaɗai ce ba ya iya haɗa ido da ita.

"Hansai, ki rufa wa kanki asiri. Mai gari na tahe."

"Shi nike jira."

"Aikin maza ne wanga."

"To su fito su yi mana. Ni ai zaune nike."

Ba a rufe baki ba sai ga mai gari Yero a kan dokinsa, dogari ɗaya tak na biye da shi, wato Manu, ƙato mai kulki a kafaɗa. Yero dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, irin mutanen nan da shirunsu ya fi faɗansu ban tsoro. Kowa ya zube. Hansai ma ta sauko daga kujera ta durƙusa yadda ya kamata, sai dai a kan igiyar ta aza gwiwoyin nata duka biyu.

"Ranka shi daɗe. Allah shi ja zamaninka. An kwana lahiya? Ina gajiya?"

"Lahiya lau, ɗiyar Jinjiri. Ina iyali?"

"Suna gaisuwa."

"Mi ya kawo ki bisa igiyar gari?"

"Ƙoƙon bara na kawo, ranka shi daɗe. Amma ba hatsi nike roƙo ba. So nike a ɗanɗana mini abu."

Ta ɗage faifan.

Ba fura a ƙwaryar, ba daddawa. Guntayen ƙasa ne guda biyu, ɗaya ja, ɗaya toka-toka mai fari-fari a jiki.

Salmanu ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta wuce haƙora ba.

"Ranka shi daɗe, tun rasuwar mijinta matar ga ba daidai take ba. Yanzu ƙasa za a ba mutane su ci?"

"Ba mutane ba," in ji Hansai. "Kai."

"Ni?"

"Kai, Salmanu."

Ta ajiye sarautar gefe, ta kira shi da sunan da uwarta ke kiransa lokacin yana cin tuwo a zaurensu.

"Babana bai taɓa bari a kwaɓa ƙasa ba sai ya sa ta a baki. Ko ka manta? Kai ma ya sa ka, kana tofarwa kana ɓata fuska, yana ce maka sake. Jar ƙasa ba ta da ɗanɗano, harshe kawai take kamawa. Mai kanwa kuwa zartsi gare ta, tana cizon baki. In anka yi gini da ita, ruwa na taɓa ta kanwar ta taso, gindin bango shi yi fari, shi riƙa zuba kamar gari. Ƙarya nike?"

Salmanu ya dubi turakunsa.

"Ƙarya nike, Salmanu?"

"Wannan kowane magini ya sani."

"Madalla. Mu Gangare ba magina ba ne. Majema ne da masaƙa. Inda Sarkin Magina ya nuna a haƙa, nan muke haƙa, don dokar gari ce ba mai buɗe rami sai da izininka. Wanga jan, daga ganuwar Unguwar Tudu na gutsuro shi. Wanga kuma daga tamu. Ɗanɗana ka gaya wa mai gari."

"Ba ni ɗanɗana komi."

"Don mi?"

"Don ba ki isa ki sa ni ba."

Hansai ta juya ga mai doki. Tsoro kam tana ji, kada wani ya ce muku ba ta ji. Fushinta ne ya fi shi nauyi.

"Ranka shi daɗe, ni ban isa ba. Kai ka isa."

Yero ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Dokinsa ya kaɗa ƙuda da wutsiya.

"Ɗanɗana, Salmanu."

"Ranka shi daɗe..."

"Mutane na kallo. Ɗanɗana."

Salmanu ya miƙa hannu kamar mai taɓa garwashi. Ya ɗauki jan, ya lasa, ya ajiye. Ya ɗauki ɗayan, ya juya shi, ya sake juya shi, sannan ya kai baki. Ya so ya daure, wallahi ya so, amma baki ba ya sanin sarauta. Fuskarsa ta tattare, ya juya ya tofar.

Wani tsoho cikin majema ya ce, "Innalillahi," a hankali.

Hansai ta miƙe tsaye ba tare da an ba ta izini ba.

"Bayan tsohuwar majema ka nuna muna. Inda tun kakanninmu ake zubar da toka da ruwan kanwa. Shekara ukku, Salmanu. Shekara ukku mazanmu na taka kwaɓi har ƙafa ta tsage, mu muna jido ruwa daga rijiya har gashin tsakiyar kanmu ya ƙare, muna gama gini ruwa shi zo shi kwantar. Gari ya ce mu ragwaye ne. Anka ce ba mu taka kwaɓi da kyau. Har waƙa 'yan matan Tudu sunka yi muna a dandali."

Ta matso kusa da shi, ta ci gaba.

"Mijina Lawal shi ke jan gayyar Gangare. Ranar da ta zube karo na biyu ya zauna gabanta tun azahar har la'asar, bai ce komi ba. Bai ƙara fita kasuwa ba don kunya. Ya mutu ana kiranshi rago. Kai ka yi mishi wanka, Salmanu. Da hannun nan da ka nuna mishi ramin."

"Hansai, ki saurare ni."

"Mi munka yi maka? Tuwon gidanmu ne bai yi maka daɗi ba?"

"Ba don kaina na yi ba."

Maganar ta fito masa ba shiri. Yana faɗa ya so ya maido ta, ina, ta riga ta fita. Idonsa kuma, ba tare da ya so ba, ya ɗaga sama ya sauka a kan mai doki.

Hansai ta bi idon da kallo.

Jama'a ma suka bi.

Yero bai kau da kai ba. Ya saki linzami, ya sauko daga doki a hankali, ya tsaya gabanta.

"Ƙyale shi, ɗiyar Jinjiri. Ni na sa shi."

Ba wanda ya motsa. Har Manu dogari sai da kulkinsa ya zame daga kafaɗa ya riƙe shi a hannu.

Hansai ta dube shi. Duk daren jiya da safiyar yau Salmanu take tuhuma, Salmanu ta shirya wa magana. Mutumin da ta zo kai wa ƙara shi ne mai laifin.

"Kai, ranka shi daɗe?"

"Ni."

"Kai da ka raɗa wa ɗana suna?"

"Ni ɗin."

"Don mi?"

Yero ya nuna ganuwar da hannu, tun daga inda ta faro har inda ta ɓace bayan itatuwa.

"Shekara huɗu ke nan, ranar da mahara sunka zo, na hau bisa na duba dama na duba hagu. Tsakanin mai baka da mai baka sai ka yi kira sau biyu kafin ɗan'uwanka shi ji. Ganuwar ga kakanninmu sunka yi ta lokacin gari na cike. Yanzu an mutu, an yi hijira, an tahi yaƙi ba a dawo ba. Riga ce ta yi wa mai ita yawa. In ban rage ta ba, wata rana ta wuri ɗaya za a shigo a cinye mu duka, Tudu da Gangare. Na duba, ɓangarenku ya fi tsawo, ya fi nisa da ƙofa. Na zaɓa."

"Ka zaɓa."

"Mai gari zaɓa yake. Ba daɗi gare shi ba."

"To mi ya hana ka tara mu ka faɗa muna?"

"Da na faɗa, kun yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

"Ba mu yarda, amma da mun san da wa muke faɗa. Ka bar mu shekara ukku muna faɗa da ƙasa. Ka bar Lawal ya tahi kabari yana zaton hannunshi ne bai iya ba."

Nan kam Yero ya sunkuyar da kai. Ɗan kaɗan, amma kowa ya gani.

"Wannan yana wuyana. Ni zan amsa shi gaban Allah."

"Za ka amsa, babu shakka. Amma mu da ke da rai fa? Ina za mu?"

"Akwai fili a Tudu."

Hansai ta yi dariya, irin wadda gara kuka da ita.

"Tudu? Mutanen da in iska ta kaɗo daga wajenmu suke toshe hanci da bakin mayafi? Su za su bari a haƙa ramin jima bayan ɗakinsu? Ka tambaye su? Ga mai unguwarsu can tsaye, tambaye shi gaban jama'a."

Mai unguwar Tudu ya shiga gyaran takalminsa da ba abin da ya same shi.

"Ka gani, ranka shi daɗe. Ba fili. Bayan gari za mu zauna, mu da 'ya'yanmu, muna jiran ranar da za a ɗaure mu da igiya ɗaya a kora arewa. Ka san haka tun ranar da ka zaɓa."

Yero bai musa ba.

"Ka ce ba maza bisa ganuwa. Ka taɓa tambayar mata? Ba mu iya baka ba, amma mun iya hango ƙura daga nesa, mun iya tafasa ruwa, mun iya jifa. Tukwanen daddawata kaɗai in na ɗora su bisa ganuwa, wanda ya hau ba shi ƙara marmari."

"Yaƙi ba dahuwar kalwa ba ne, Hansai."

"Rusa unguwa ma ba lasar ƙasa ba ne, ga shi an yi."

Manu ya matso taku ɗaya, don magana ta fara wuce iyaka. Yero ya ɗaga masa yatsa, ya tsaya.

Hansai ta ja numfashi. Ta sake durƙusawa, wannan karon da gaske.

"Abu ɗaya nike roƙo. Wa'adinka bai cika ba, ruwa bai sauka ba. Ka buɗe muna ramin jar ƙasa."

"Ba za a buɗe ba."

"Ranka shi daɗe."

"Ko na buɗe, yaushe za ku kwaɓa, yaushe za ku yi tubali, yaushe shi bushe? Dubi gabas. Hukunci ya riga ya fita, ba ni maido shi. Ku fara kwashe kayanku."

"Maganarka ta ƙarshe ke nan?"

"Ita ce."

Hansai ta gyaɗa kai. Ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta ƙara tamke ɗamara. Da ma ba ta sa ran zai buɗe ba, ta dai tambaya ne don kada gobe a ce ba ta tambaya ba.

Ta juya wajen lungu.

"Kande. Ku fito."

Kande maƙwabciyarta ce, matar wani masaƙi, gajera mai faɗi. Ita ta fara ɓullowa da kwando a kai, gammo ya lotse saboda nauyi. Bayanta wata, bayanta wata. Mata da zawarawa da tsofaffi, sai majema da jakunansu, mangaloli cike har suna jan ƙasa. Ba kiɗan gayya, ba guɗa. Suka wuce ta gaban mai gari, kowa ya rusuna ya gaishe shi, suka tsallake igiyar Salmanu, suka sauke a bakin giɓin ganuwa.

Tubala ne. Jajaye, busassu, ƙwarara, ko tsaga babu.

Salmanu ya ƙarasa da sauri ya ɗauki ɗaya. Bai san lokacin da ya kai shi baki ba.

"Wannan... ina kunka samo? Wa ya buɗe muku rami?"

"Ba wanda ya taɓa raminka," in ji Hansai.

"To daga ina?"

"Juya shi. Ba ka gane yatsun ba?"

Ya juya. A gindin tubalin akwai shatar yatsu uku, yadda marigayi Jinjiri ke danna kowane tubali kafin ya shanya.

Yero ya koma ya taka likkafa ya hau doki don ya hango. Ta saman danga ya ga cikin Gangare. Jinkaye a ƙasa, an jingine su jikin itace. Inda ɗakuna suke jiya, yau da'ira ce kawai a ƙasa, ga gado, ga tukunya, ga tabarma a fili rana na dukansu.

"Mi kunka yi?"

"Ɗakunan Gangare babana ya gina su da jar ƙasa, shekara talatin ba wanda ya tsage. Tun da anka sallame asuba muke cire su ɗaya-ɗaya. Da nawa anka fara. Tubali ya bushe tun kafin a haifi ɗana, ba shi jiran rana. Tsohon yaɓen kuma ga shi can an jiƙa, an taka. Makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe, ina da ita tulu shida."

"Kun rushe ɗakunanku damina na bisa kai?"

"Mun rushe."

"In ruwa ya sauko, ina za ku kwana?"

"Cikin gari, ranka shi daɗe. Ko a tsaye ne."

Iska ta taso, mai ɗan sanyi, ta ɗaga faifan da ke ƙasa ta mirgina shi. Baƙin nan na gabas ya tashi daga gindin sama, ya hau har ya kusa rabi.

Yero ya dube shi, ya dubi matan. Muryarsa ta ƙara yin ƙasa.

"Kin san dokar ganuwa, ɗiyar Jinjiri. Kin fi kowa sani."

Ta sani mana. Tubalin fari a kan ganuwa Sarkin Magina kaɗai ke aza shi, da bismillah, bayan mai gari ya ba da izini. Wanda ya riga shi, korarsa ake yi daga gari, shi da ƙofar Birnin Marke har abada. Mace kuwa ko a labari ba a taɓa ji ba.

"Na sani."

"To ban ba da izini ba."

Hansai ta ɗauki tubali ɗaya da hannu biyu. Ta je gaban Salmanu ta miƙa masa.

"Karɓa. Aikinka ne. Hannun malaminka ne a jiki. Ka aza shi, ni kuma in yafe maka tuwon gidanmu, in bar ka da Lawal."

Salmanu ya dubi tubalin. Ya dubi mai gari.

Ya mayar da hannayensa cikin riga.

"Haka ne," in ji Hansai. "Da ma babana ya ce hannu gare ka, ƙashin baya ne babu."

Ta wuce shi. Ta taka tarin ɓaraguzan da ya zube, zanenta na kama ƙaya, ta kai inda harsashin dutse yake. Kande ta miƙo mata curin kwaɓi, ta maka shi, ta baje da tafin hannu yadda ta ga ana yi tun tana yarinya tana kai wa mahaifinta fura wurin aiki.

"Hansai," in ji Yero. "Ina gaya miki gaban shaidu. Kina aza shi, kin bar garin ga."

"Ai ka riga ka fitar da ni da igiya. Sau nawa ake korar mutum ɗaya?"

Ta yi bismillah a fili, kowa ya ji.

Ta aza.

Tubalin ya zauna daram, kwaɓi ya fito ta gefe da gefe. Wata tsohuwa ce kawai a bayan mata ta ce, "Allah shi tsayar," wasu muryoyi suka amsa da amin ƙasa-ƙasa.

Fuskar Yero ba ta canja ba.

"Manu."

"Ranka shi daɗe."

"Sauke shi. Sannan ka raka ta ƙofa."

Manu ya taho. Shekara goma sha biyu yana bin dokin nan, ba a taɓa ba shi umarni sau biyu ba. Mata suka dare masa hanya. Ya hau ɓaraguzan, ya tsaya gaban Hansai, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

"Inna Hansai, matsa."

"Ba ni tare ka. Ga shi nan."

Ta matsa kuwa. Ya ajiye kulki, ya ɗora ƙaton hannunsa a kan tubalin.

"Amma kafin ka ɗaga, Manu, duba gefenshi. Ka ga baƙin hayaƙin nan?"

Ya duba.

"Wurin da ake aje fitila ne. Ka san ɗakin. A cikinshi anka yanke maka cibiya."

Manu ya ɗago kai a hankali. Can bayan mata, tsohuwar da ta ce Allah shi tsayar tana zaune a kan tabarmarta a tsakiyar fili, ƙullin kayanta a gefe, jar ƙasa har gwiwar hannunta. Mero ce, mahaifiyarsa. Ya yi ta roƙonta ta koma wurinsa a Tudu, ta ce ita inda aka kawo ta amarya nan za a ɗauki gawarta.

"Ita ta cire shi da hannunta," in ji Hansai. "Ta ce nata za a fara azawa."

Mero ba ta kira sunansa ba. Kallonsa kawai take.

"Manu," in ji Yero.

Karo na biyu ke nan.

Manu bai ɗaga tubalin ba. Bai kuma ɗauke hannunsa ba. Gumi na bin wuyansa, jijiyoyin hannun sun tashi. Iska ta ƙara ƙarfi, ta figi igiyar Salmanu daga sauran turakun ta watsar a ƙasa. Rana ta dushe.

Wani abu ya faɗo a bayan hannun Manu, ya fashe, ya gangara tsakanin yatsunsa ya shige cikin jar ƙasa.

Kowa ya gani.

"Ranka shi daɗe," in ji Salmanu. "Ruwa."

Hansai ko sama ba ta kalla ba. Ta miƙa hannu baya.

"Kande, miƙo na biyu."